Ranar da Na Share Furen 'Yata

Ku matso kusa, ku gyara zama, don wannan labarin ba na tsaye ba ne. Ni ɗin nan da ko kasuwar bayan layinmu sai an yi da gaske nake leƙawa, ni ce na kwana a tsakiyar duwatsun Sina, a cikin tanti, kuma a can na yi ɓarnar da ta kusa cinye karatun 'yata na shekara huɗu.

Shekararmu shida ke nan a Alkahira. Maigidana direba ne a ofishin jakadancinmu, muna zaune a hawa na huɗu a unguwar Madinat Nasr. Ni mutum ce mai son ɗakinta. A ba ni kicin da baranda da wanda zan yi wa surutu, shi ke nan an gama da ni. Karatun bokona bai wuce aji huɗu ba, amma Allah ya ba ni kunne. Larabcin da nake yi duk daga baranda na tsince shi: faɗan matar mai gadin gidanmu, kiran mai sayen tsofaffin kaya, cinikin mai tumatir. Ina kicin nake gane takun kowa a matakala, har na san ranar da maigida ya dawo da ɓacin rai tun bai sa mukulli ba.

'Yata kuwa, 'yar fari ce, ba na kama sunanta, sai dai in ce "ke 'yar nan". Ilimin tsirrai take karanta a jami'ar da ke Giza. Kullum ƙananan motocin haya biyu da jirgin ƙasa, zuwa da dawowa. A shekarar ƙarshe aka ba ta aiki a kan wani ɗan tsiro da ke fitowa a manyan duwatsun Sina, mai fure shuɗi-shuɗi da ratsin ja, wanda sunansa na Turanci ya fi shi tsawo. Makonni kaɗan yake fure bayan sanyi ya sake, daga nan ya bushe sai baɗi. Malamarta, wadda suke ce wa daktura, ta ce ba ta karɓar hoton da aka kwaso a waya. Sai wanda ta ɗauka da hannunta, furen a buɗe, a inda Allah ya shuka shi, da ƙwaron da ke sauka a kai. Mu kuma a bazarar nan aikin maigida zai ƙare, za mu koma gida. In ta rasa furen bana, sai ta ƙara shekara, kuma babu mai barin ta ita kaɗai a Masar.

Da ta kawo maganar muna shan shayi, babanta ko ɗago kai bai yi ba.

"Kwana a daji? Mace? A tanti?"

"Baba, akwai ɗan jagora, dattijo ne, matarsa ma tana can. Kowace shekara ɗalibai suna zuwa."

"'Ya'yan wasu suna zuwa." Ya kurɓi shayi. Sai ya kalle ni ta gefen ido, ya yi ɗan murmushi. "To, na yarda. In uwarki za ta raka ki."

Ya faɗi haka ne don ya san hali. Ya san matar da aka yi wata uku ana lallashi kafin ta je ganin dalar Fir'auna, da aka je ma ta zauna a mota. Na dubi yarinyar, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

Na ce, "Yaushe ne tafiyar?"

Shayin nan sai da ya fito masa ta hanci.

Ita jaka ɗaya ta haɗa, da kyamarar da ta aro a sashensu. Ni kuwa na ɗauki tukunya da muciya, garin masara, kuka, daddawa, yaji, buta, tabarma, bargo biyu, da tsintsiyar kwakwa da na taho da ita tun daga Funtuwa.

"Umma, tsintsiya kuma? Dutse za ki share?"

"Ke 'yar nan, inda mutum zai sa goshinsa ai sai ya share."

Ta yi dariya ta ƙyale ni. Da ta san abin da ke tafe, da ta wurga ta ta taga.

Mun wuni a mota. Muka bi ta wata hanya da aka haƙa a ƙarƙashin ruwa, muka fito cikin rairayi, ana tsayar da mu ana duba takardu, har muka isa wani ɗan gari a gindin duwatsu muka kwana a masauki. Da safe dattijon ya zo da raƙuminsa. Siriri ne, ya ɗan ranƙwafa, carbi ba ya barin hannunsa. Ya dubi kayana, ya dubi raƙumin, ya ce, "Ya hajja, ƙaura za ki yi?" Na ce masa da Larabcin baranda, in ya ɗanɗana miyata zai roƙi in ƙaura. Ya yi dariya har da tari.

Yarinyar ta ce mini daji za mu, ni kuma na sa ran bishiyoyi irin na wajen Birnin Gwari. Ina! Dutse ne ja a dama, dutse ja a hagu, sama kuma shuɗiya kamar an wanke ta. Na rantse ba zan hau raƙumi ba. Bayan awa ɗaya ina haki na warware rantsuwar, na hau, na rungume tukunyata ina salati. Sai da la'asar muka gangara wani kwari, na ga abin da ya sa na manta ciwon ƙugu: lambu a tsakiyar duwatsu, an kewaye shi da katangar dutse, cike da itatuwan mishmish da rumman da zaitun, ga rijiya, ga akwatunan zuma biyu a lungu. Matar dattijon ta fito ta tarye mu, gajeriya mai faɗin murya, hannunta duk gari.

A wajen katangar aka kafa mana tanti, a kan wani fili mai tsakuwa. Babu famfo, babu banɗaki, babu maƙwabci. Dattijon ya jera mana doka: ba a saran itace, ba a barin ko ɓawon albasa, duk abin da muka zo da shi da shi za mu koma, kuma yadda muka tarar da wuri haka za mu bar shi. Na ce tamam, na shige tanti na miƙe, don raƙumin nan ya raba ni da ƙasusuwana. Ina kwance na ji yarinyar tana ihun murna a waje, tana cewa ta same shi, ta same shi a bakin ƙofa. Na ce alhamdu lillahi daga kwance. Ban fita na ga abin da ta samu ba. Ashe furen yana rufewa in rana ta faɗa bayan dutse, sai ta ɗumama da safe yake buɗewa. Sai yarinyar ta jera ƙananan duwatsu ta kewaye kowane tsiro, ta bar hoton sai gobe.

Da asuba na yi salla, sanyi kamar zai tsinke yatsu. Ita ta koma cikin bargo. Gari ya fara haske na dubi ƙofar tantinmu, sai raina ya ɓaci. Ga tsakuwa, ga kashin awaki, ga wasu duwatsu a warwatse da za su sa mutum tuntuɓe, ga ciyayi ƙanana sun yi cunkus inda ya kamata a shimfiɗa tabarma. Tun ina 'yar shekara bakwai ban taɓa barin rana ta fito ta tarar da ƙofata haka ba. Dokar dattijo ko tuna ta ban yi ba, don ni a wurina shara ba taɓa wuri ba ce. Na kwashe duwatsun na tara gefe. Na tsuguna na tuge ciyayin tas, har ina mamakin ƙamshinsu, wani abu tsakanin na'ana'a da kanumfari. Na share filin nan har ya yi sumul, na yayyafa ruwa, na ɗora shayi. Na zauna ina jiran yabo.

Ta fito da kyamara a wuya. Ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta dubi tarin da ke gefe, ta je ta durƙusa ta ɗago tsiro ɗaya da saiwarsa.

"Umma."

"Na'am. Kin ga yadda wurin ya fito?"

"Guda tara ne. Na ƙirga su jiya."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a ƙasan da na share, ta ɗora tsiron a cinya, hawaye na sauka ba sauti. Dattijon ya zo ya tsaya a kanmu, carbinsa ya daina motsi. Ya ce ma'alish, wato ba komai, amma muryarsa ba ta ma'alish ba ce. Ya ce ruwan bana kaɗan ne, shi kansa bai ga tsiron a wani wuri ba sai nan.

Duk ranar suka yi ta yawo su biyu, kwari bayan kwari. Ni na zauna a lambu da matarsa, na kasa haɗa ido da kowa. Na tuƙa tuwo don hannuna ya sami abin yi. Matar ta ci, ta ƙara, ta siɗe yatsu, ta ce, "Ya hajja, shekara arba'in ina nan, awakina ba su taɓa yin aikin da kika yi kafin karin kumallo ba." Ta fashe da dariya, ta buga mini cinya. Na yi yaƙe. Da magariba suka dawo, fuskar yarinyar ta ƙone da rana. Sun ga guda biyu, ɗaya ya bushe, ɗaya akuya ta riga su. Ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. Gobe bayan azahar raƙumi zai mayar da mu.

Washegari ban taɓa tsintsiya ba. Na je na zauna a lungun lambu kusa da akwatunan zuma, don nan ne babu mai kallona. Rana ta hau, ƙudan suka fara fita.

To, a nan sai na ba ku wani labarin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai amya ne. Yana da su a kan ɗorawa da kaɗanya fiye da yadda zan iya tunawa, kuma da yake 'ya'yansa maza ba su da haƙuri, ni yake ja zuwa daji. In yana son sanin inda zuma ke kiwo, ba ya bin su da ido, ya ce rana tana ɓatar da su. Sai ya tsayar da ni ya ce in rufe ido. Ya koya mini cewa kukan mai fita daban, siriri ne mai sauri, na mai dawowa da kaya kuma ya fi kauri. Masu shan ruwa kukansu a yanke yake. Masu aiki a kan fure kuwa, in suna da yawa, ƙararsu shimfiɗaɗɗiya ce, kamar injin niƙa a ƙauyen da ke gaba. Shekara talatin da wani abu ban tuna wannan ba.

Ina zaune sai kunnena ya ce mini waɗannan ƙudan da kaya suke dawowa. Na dubi itatuwan lambun, furensu duk ya zube. Na kira matar.

"Ya hajja, zumarki me take ci yanzu?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Abin da Allah ya ba ta. Sama take zuwa." Ta nuna wani tsagi a bayan lambun, siriri, wanda wani ƙaton dutse ya toshe bakinsa.

Na tashi na tarar da yarinyar tana naɗe igiyar tanti.

"Ɗauko kyamarar."

"Umma, don Allah. Khalas. Ya wuce."

"Ke 'yar nan, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Na ce ɗauko."

Dattijon ya ce babu komai a tsagin nan sai dutse, rabonsa da shi tun kafin gwiwarsa ta fara ciwo. Na ce ya zo dai. Muka kama hawa mu huɗu har da matarsa, ni a gaba, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. In na yi taku ashirin sai in tsaya, in ture ɗankwali daga kunnuwana, in rufe ido. Na ce yarinyar ta daina jan hanci. Na ce dattijon ya sa carbinsa a aljihu, ƙas-ƙas ɗinsa yana shiga mini. Ya dubi matarsa, ta ce, "Sa shi mana, ya sheikh, yau ita ce jagora."

Sau ɗaya na ɓata. Na bi wata ƙara zuwa hagu, muka tarar da ɗan ruwa a kwarmin dutse, ƙudan na sha. Yarinyar ta juya za ta sauka. Kunya ta kama ni, don mahaifina ya gaya mini wannan tun ina yarinya, gaggawa ce ta sa ban saurara da kyau ba. Na ce a dakata. Na koma inda muka rabu da hanya, na dafa dutse, na riƙe numfashi. Iska ta ɗan lafa. Can ƙasa-ƙasa, ta bayan ƙaton dutsen nan, na ji injin niƙa.

Hanyar wucewa ɗaya ce, wani rami a ƙarƙashin dutsen, sai da rarrafe. Ni kuma ba siririya ba ce, tuwon shekaru yana nan inda ya zauna. Na ɗaure zani, na ce bismilla, na shiga. A tsakiya na maƙale. Matar dattijon ta sa hannu biyu ta tura ni ta baya tana cewa yalla, yalla, tana dariyar da ta kusa kayar da ita. Na fita ta ɗaya gefen da gwiwa a ƙuje.

Wani ɗan fili ne kamar tsakar gida, duwatsu sun kewaye shi, ƙasarsa da danshi. Ya cika da shuɗin fure daga bango zuwa bango, ƙudan zuma na ta aiki a kai. Ban yarda da idona ba, don ni ban taɓa ganin furen a buɗe ba. Na durƙusa na murza ganye ɗaya kaɗan, na kai hanci. Na'ana'a da kanumfari.

Na juya na yi guɗa. A tsakiyar duwatsun Sina na yi ta, irin ta gidan biki, duwatsun suka amsa suka dawo mini da ita sau uku.

Yarinyar ta fito daga ramin, ta tsaya, ta toshe baki da hannu biyu. Sai ta ce, "Umma, kada ki motsa. Kada ki taka komai. Ina tsintsiyar?"

"Tana tanti."

"Alhamdu lillahi."

Ashe ɗaukar hoton fure aiki ne. Na ɗauka danna abu za ta yi mu tafi. Ta kwanta rub da ciki a kan tsakuwa, ta kafa gwiwar hannu, sai iska ta kaɗa furen, hoton ya fito dishi-dishi. Rana kuma ta yi tsaye, ta wanke launin. Na cire farin mayafina, ni da matar dattijon muka riƙe shi ta gefen iska, muka karkato shi ya yi inuwa mai haske. Nan launin ya fito. Saura ƙwaro. Duk lokacin da ƙudan ya sauka, kafin ta danna ya tashi. Na ce ta bar kallonsa, ta sa ido a kan fure ɗaya kawai, ni zan gaya mata. In zai sauka kukansa yana yin ƙasa, kamar mai shirin yin shiru. Na rufe ido. Na ce, "Yanzu." Ta danna. Ta duba bayan kyamarar, ta yi wata 'yar ƙara, ta ce a sake. Mun yi haka har hannuwana suka mutu a kan mayafin.

Can ta tuna ta bar abin awonta a tanti, kuma dole a nuna girman furen. Ta ce in kawo yatsana kusa da shi. Da lallen da na ƙunsa kafin mu taho, da ƙujewar ramin, haka ya shiga hoton.

Kafin mu bar kwarin na je na mayar da duwatsun da na kwashe, ɗaya-ɗaya, na watsa tsakuwar inda take. Dattijon ya ce saiwar da ta rage a ƙasa wataƙila ta tsiro baɗi. Guda taran da na tuge, yarinyar ta shimfiɗa su tsakanin jaridu ta danne, ta ce tunda sun riga sun mutu gara su yi amfani. Ragowar kuka da daddawa na bar wa matar, na nuna mata yadda ake kaɗawa.

Ranar da za ta gabatar da aikin, na sa leshina na salla, maigida ya ɗauki hutun rabin yini ya kai mu Giza. Ɗaki ne babba, malamai a jere a gaba. Ban gane ko kashi ɗaya cikin goma na abin da take faɗi ba, amma na ji muryarta ba ta rawa. Sai aka haska hoton a bango. Furen ya yi girman faranti, ƙudan zuma a kai da ƙafafunsa cike da gari, ga yatsana a gefe kamar taɓarya. Daktura ta cire tabarau ta mayar. Ta ce wurin nan ba ya cikin wuraren da suka sani, wa ya kai ta?

Yarinyar ta juyo ta nuna ni. "Mahaifiyata ce. Da kunne ta gano shi."

Duk ɗakin ya waiwayo. Daktura ta ce in tashi. Na tashi, suka yi ta tafi. Maigida da ya ce in raka ta don ya san ba zan je ba, shi ya fi kowa buga hannu, har hularsa ta karkace. Yanzu duk wanda ya shiga motarsa sai ya ji labarin, kuma a bakinsa har da cewa shi ya ga dacewar in je.

Ta ci jarrabawar, da sakamako mai kyau. Muna ta ɗaure kaya yanzu, kwali a ko'ina, gida za mu koma gaba ɗayanmu, babu wanda za a bari a baya. Hoton ta sa an wanke mini babba, na naɗe shi a cikin bargo don kada ya fashe. Jiya ta ga ina cusa tsintsiyar a gefensa, ta ce, "Umma, wannan mai laifin ma da ita za mu?" Na ce da ita za mu, don ba ita ta tuge ba, ni ce, kuma na biya.

Har yau in an tayar da maganar sai ta ce wa ya taɓa share dutse. Ni kuma na ce a kawo wanda zai raba mu. Ku da kuka ji komai, ku gaya mini tsakaninku da Allah: in kuka yi sallar asuba, gari ya waye, kuka ga ƙofar ɗakinku cike da ciyawa da kashin awaki, ga tsintsiya a kusa, za ku iya zama ku sha shayi a haka?